Kurakuran dabara da ke kayar da ɗan takarar shugaban ƙasa a zaɓen kankankan

Kuskuren dabara a zaɓen shugaban ƙasa shi ne shawarar da ɗan takara da kwamitin kamfen ɗinsa suka yanke da kansu, kan inda za a zuba kuɗi da lokaci, da wa za a haɗa kai, me za a faɗa me za a bari, sai ta zo ta cinye musu ƙuri'un da da sun samu. Daban yake da maguɗi, daban yake da tsadar rayuwa ko rashin tsaro da kan kayar da gwamnati ko da wa ta tsayar. In tazara ta kai miliyoyi ba wanda ke ma lura da irin wannan kuskure, amma in an zo kankankan, ƙuri'a dubu kaɗan ko ma ɗaruruwa, to nan ne yake zama shi ne zaɓen gaba ɗaya. Mutane sun fi riƙe suɓutar baki da katoɓarar muhawara saboda su ake ta yaɗawa, alhali mafi yawan faɗuwar tun watanni kafin a buɗe rumfa ake ƙulla ta, a lissafi.

Rashin karanta dokar ƙidaya

Kowace ƙasa da yadda take ƙirga nasara, kuma wanda ya yi kamfen don tara yawan ƙuri'a kawai bai duba a ina ake buƙatar su ba ya yi aikin banza. A Amurka wakilan zaɓe 538 ne ke naɗa shugaba, ana neman 270, kuma kusan duk jihohin wanda ya zo na ɗaya ko da ƙuri'a guda ce shi ke kwashe wakilan jihar duka. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'a kusan miliyan 2.9 a faɗin ƙasa amma ta faɗi, saboda Michigan da Wisconsin da Pennsylvania sun suɓuce mata da tazarar da in an haɗa ukun ba ta kai 78,000 ba. Wisconsin ɗin ko sau ɗaya ba ta je kamfen ba bayan ta samu tikitin jam'iyya, an ɗauka ai gida ne. Sai dai a yi adalci, Pennsylvania ta yi ta zarya can kuma duk da haka ta rasa ta, kuma Michigan da Wisconsin kaɗai ba za su kai ta 270 ba, don haka ziyara ba ita ce komai ba.

Richard Nixon nasa kuskuren alkawari ne. A 1960 ya ce sai ya taka duka jihohi 50, ya kuma kafe sai ya cika duk da jinyar gwiwa da ta kwantar da shi asibiti ta ci masa kwanaki, ƙarshen makon da ya rage a yi zaɓe yana can hanyar Alaska mai wakilai 3 yayin da John Kennedy ke zagaye manyan jihohi. Illinois mai wakilai 27 ta tafi wa Kennedy da ƙasa da ƙuri'a 9,000. Shi kuma Al Gore a 2000 jiharsa ta Tennessee ya rasa, wakilai 11, da ya riƙe ta da rikicin ƙidayar ƙuri'un jihar Florida bai ma shafe shi ba.

Najeriya ma yawan ƙuri'a kaɗai ba ya isa, sai an samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wannan sharaɗin ne ya kai Shehu Shagari da Obafemi Awolowo Kotun Ƙoli a 1979 kan menene biyu bisa uku na jihohi 19. Kenya kuma sai fiye da rabin ƙuri'u, da kashi 25 a fiye da rabin gundumominta 47. Duk wanda ƙarfinsa ya taru a yanki guda, taron da yake gani yana iya ruɗarsa.

Rabuwar kai

Wannan shi ne babba, kuma shi ya fi ciwo don kowa na ganin sa tun daga nesa amma a kasa tsayar da shi. Koriya ta Kudu a 1987, bayan jama'a sun cika tituna sun tilasta a dawo da zaɓen shugaba kai tsaye, jagororin adawa biyu Kim Young-sam da Kim Dae-jung kowa ya ce shi ba zai janye ba, ɗaya ya samu kusan kashi 28 ɗaya kashi 27, sai Roh Tae-woo, tsohon janar kuma ɗan takarar masu mulki, ya wuce da kashi 36.6. Mutanen da suka sha barkonon tsohuwa a titi suka wayi gari da ɗan gidan da suka yi zanga-zanga a kansa.

A Faransa ran 21 ga Afrilu 2002 abin ya ma fi ban takaici. Lionel Jospin yana firaminista, hankalinsa duk yana kan zagaye na biyu da Jacques Chirac, ya bar 'yan takarar ɓangarensa na hagu suka fito rututu cikin mutum 16 da ke kan takarda, Chevènement ya ja sama da kashi 5, Mamère haka, Taubira sama da kashi 2. Jospin ya tsaya a 16.18, Jean-Marie Le Pen 16.86, tazarar ba ta kai ƙuri'a 200,000 ba, shi ke nan ko zagaye na biyun bai gani ba, a daren ya ce ya bar siyasa.

Zaɓen Najeriya na 2023 ma haka lissafin yake. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabiu Kwankwaso kusan miliyan 1.5, kuma ukun nan duk suna PDP a 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a lokacin, ga gwamnoni biyar na jam'iyyar da suka juya wa ɗan takararsu baya. Ba wai ƙuri'a na haɗuwa kamar lissafin firamare ba ne, akwai wanda ya fito don Obi kawai wanda da ba shi a takarda da gida zai zauna, amma miliyan 14 da rabi a gefe guda ba abin da za a kawar da kai ba ne. Malawi ta nuna ɗaya fuskar. A 2019 Lazarus Chakwera da Saulos Chilima kowa ya tsaya daban, Peter Mutharika ya wuce da kashi 38 da ɗoriya, da kotu ta soke zaɓen suka haɗe a tikiti guda a 2020 suka samu kusan kashi 59. Lula ma a Barazil a 2022 Geraldo Alckmin ya ɗauka mataimaki, mutumin da suka kara da shi a 2006, kuma da kashi 50.9 ya tsira.

Sakankancewa

Thomas Dewey a Amurka a 1948 duk ƙuri'ar jin ra'ayi ta ba shi, sai ya koma lallaɓawa, jawabi ba gishiri don kar ya ɓata wa kowa rai, Harry Truman kuwa ya hau jirgin ƙasa gari-gari yana caccakar majalisa. Masu binciken ra'ayin sun daina tambaya makonni kafin zaɓe, har wata jaridar Chicago ta buga cewa Dewey ya ci, Truman ya ɗaga ta sama yana dariya. A Meziko a 2006 López Obrador yana kan gaba ya ƙi zuwa muhawarar farko, aka bar gurbinsa fayau a gaban kyamara, ya zo ya faɗi hannun Felipe Calderón da ƙasa da kashi 1.

Inda ake zagaye biyu kuwa, zuwa na ɗaya a zagayen farko ba nasara ba ce. A Ghana a 2008 Nana Akufo-Addo ya samu kashi 49.13, ƙiris ya rage, amma a zagaye na biyu John Atta Mills ya wuce shi da ƙuri'a kusan 40,000, har sai da aka jira mazaɓar Tain ta kaɗa nata a farkon Janairu 2009. Wanda bai gyara tsakaninsa da ƙananan 'yan takara tun da wuri ba, in ya zo neman su a makonnin nan biyu ko uku yakan tarar an riga shi.

Baki

Gerald Ford, shugaban Amurka a lokacin, a muhawarar Oktoba 1976 ya ce Tarayyar Sobiyet ba ta mamaye Gabashin Turai ba, ya ɗau kwanaki kafin ya gyara, a daidai lokacin da yake cim ma Jimmy Carter. Clinton ma a Satumba 2016 ta jefa rabin magoya bayan Trump a kwandon abin ƙyama, suka mai da kalmar taken alfahari har a riguna. Wanda ya fi illa shi ne zagin masu zaɓe, don abokin takara in an zage shi yana da bakin ramawa, talaka kuwa a akwati yake ramawa. Duk da haka da wuya a nuna da alƙaluma cewa magana guda ce ta kayar da mutum.

Ranar zaɓe da bayanta

Taron gangami ba ƙuri'a ba ne, sai an bi mutum an tabbatar ya yi rajista, ya fito, kuma akwai ejan a kowace rumfa da zai karɓi takardar sakamako mai sa hannu. A 2020 Trump ya yi watanni yana kushe zaɓe ta gidan waya a shekarar korona, ya rasa Georgia da ƙuri'a 11,779.

Florida a 2000 ita ce ta tara komai. George W. Bush ya ci da 537, Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya da ke rabar ƙuri'un ɓangaren Gore, ya ja sama da 97,000 a jihar. A gundumar Palm Beach takardar zaɓen shafi biyu ce da ramukan hudawa a tsakiya, sunan Gore na biyu a hagu amma raminsa na uku, na biyun na Pat Buchanan ne, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya da ke shafin dama, sai ga Buchanan da ƙuri'a sama da 3,400 a wurin da shi kansa ya ce ba duka nasa ba ne. Da aka zo sake ƙidaya lauyoyin Gore gundumomi huɗu kawai suka nema, inda suke da ƙarfi, abin ya ba abokan hamayya damar cewa zaɓar wuri ake yi. Kotun Ƙoli ta rufe maganar ran 12 ga Disamba 2000. Binciken da gamayyar kafafen yaɗa labarai suka sa aka yi a 2001 ya nuna ƙidayar gundumomi huɗun da Bush za ta bari a gaba, ta duk jihar da za ta duba kowace takardar da na'ura ta ƙi ce za ta iya ba Gore da 'yar tazara, kuma ita ce bai shigar da ƙara a kanta ba.