Zaren da ke ƙirga numfashin yaro

Duk hunturu, idan ƙura ta rufe Maradi, iyaye mata kan cika ƙofar asibitinmu tun da sassafe, kowace da yaro a goye yana tari. Aikina na farko shi ne in ɗaga rigar yaro, in zuba ido a ƙirjinsa, in ƙirga numfashinsa na minti guda da agogo, don saurin numfashi alama ce ta limoniya, wato ciwon huhu. Da ya ɓarke da kuka sai lissafi ya ɓace, a jira uwa ta rarrashe shi, a sake daga farko.

Masu bincike a jami'o'i suna aiki a kan wani zare da zai ɗauke wannan wahala. Zare ne mai miƙewa kamar robar wando, an shafe shi da abubuwa masu ɗaukar lantarki: siraran wayoyin azurfa, ko girafin, shimfiɗar sinadarin kabon da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Manchester ta Ingila a 2004. Da nanomita ake auna sirantarsu, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita wajen 80,000. Idan zaren ya miƙe, ƙwayoyin abin da aka shafa masa sukan rarrabu, wutar da ke bi ta ragu. Ya koma, su haɗe. A saƙa shi cikin riga daidai ƙirji, kowane numfashi ya zama alamar da ƙaramar na'ura za ta tura wa salula.

Galibin irin waɗannan zarurruka suna ɗakin gwaji tukuna, don gumi da yawan wanki suna rage musu inganci. Ina fatan ganin ranar da za su iso mana, amma limoniya ba ta jira.

Iyaye mata, ƙirgar nan kuna iya ta. Ku bari yaro ya natsu, ku duba agogon salula minti guda cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ne ma'auni. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In numfashin ya yi sauri haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai gobe. A goya shi zuwa asibiti mafi kusa a ranar, ko da dare ne.