Waiwaye: kuɗin noman rani daga madatsar Tiga zuwa rijiyar fadama

Farin da ya afka wa Arewa a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwarara, shi ya karkata hankalin gwamnati zuwa manyan madatsun ruwa. An kammala Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, a 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗeja-Jama'are, sai aka kammala madatsar Bakolori a 1978 da ta Challawa a 1992. Ruwan Tiga ne ke gangarawa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam ba tare da inji ba. An tsara hekta 22,000 a kashin farko na wannan aikin ban-ruwa, amma shekaru da dama abin da aka shimfiɗa bai kai haka ba.

Tun farko manomi ba ya cikin shawara. A Bakolori, rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a 1980, aka rasa rayuka.

Babbar ɓarakar tana wajen gyara. Kasafi yana son aikin da za a yanka kintinkiri, yashe magudana kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. Laka ta taru, ƙofofin raba ruwa suka yi tsatsa, na kusa da babbar magudana ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi tumatirinsa ya yi yaushi. Sakin ruwa rani da damina ya hana rafuka bushewa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Wani gari ambaliya, wani ƙishi, ga tsuntsun jan-baki na yin sheƙa a cikin kacallar yana cin shinkafa.

Shirin Fadama na farko, da Bankin Duniya ya tallafa a farkon shekarun 1990, ya bi wata hanya: rijiyar bututu marar zurfi da ɗan injin ban-ruwa mai bakin inci biyu ko uku. Injin ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, don haka sai a fadama. Amma na manomi ne, in ya lalace bakanike na kasuwar ƙauye. A ganinmu nan ne naira ta fi yin aiki, har cire tallafin mai a 2023 ya sa wasu suka mayar da injinansu na gas ko suka nemi na sola.

Shirin TRIMING na inganta ban-ruwa, wanda Bankin Duniya ya amince da tallafa masa a 2014, ya koma kan tsofaffin madatsun: a gyara magudanai, a miƙa ƙananan ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗin ruwa su riƙa yashewa. Inda tsarin kan cije shi ne manomin ƙarshen layi ba ya biya sai ya ga ruwa a gonarsa, ruwan kuma ba ya isowa sai an yashe.