Sojojin Najeriya a Yaƙin Bama (1943–1945)

Yaƙin Bama shi ne sunan da Hausawa suka ba fagen Yaƙin Duniya na Biyu da aka gwabza tsakanin Birtaniya da Japan a ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau. Kimanin sojoji 90,000 daga Afirka ta Yamma ne aka kai can, wajen rabinsu 'yan Najeriya. Da yawa daga cikin 'yan Arewa da suka tafi, ta Kaduna da Zariya suka bi, suka hau jirgin ƙasa zuwa Legas, daga nan sai jirgin ruwa zuwa Bombay ta Indiya.

Asalin rundunar

Lugard ne ya kafa rundunar West African Frontier Force a 1897, kuma da ita Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Bayan da aka tashi daga Zungeru, Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, amma sojoji sun riga ma'aikatan gwamnati sauka a wurin. Shi ya sa tsofaffi kan ce Kaduna bariki ce tun fil azal. Sojan wancan zamani jar dara yake sawa da gajeren wando na kaki, ƙafa ba takalmi. Hausa ce harshen bariki, hafsan Bature ma sai ya koye ta, kuma daga cuɗanyar Hausawa da Barebari da Tibi da Dakarkari da Zabarmawa aka samu karin nan da ake kira Barikanci.

Kafin Bama, rundunar ta yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan da Italiya a Gabashin Afirka, inda birged ta 23 ta Najeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941.

Ɗaukar soja

Ta hannun sarakuna aka bi. A yanka wa hakimi adadi, hakimi ya yanka wa dagaci, dagaci ya dubi samarin gari. Wasu da son ransu suka shiga don albashi ko don a ce su maza ne. Wasu kuwa ba a tambaye su ba. An kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma: runduna ta 81 a watan Maris na 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta 82 kuma a watan Agustan wannan shekara. Hafsoshi kusan duk Turawa ne. Seth Anthony na Gold Coast, wato Gana ta yau, shi ne baƙar fata na farko daga wannan yanki da ya sami muƙamin hafsa, a 1942.

A fagen daga

Runduna ta 81 aka tura kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, daji mai duhu da tuddai, ba hanyar mota. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70, aka sa mata suna West African Way. Daga inda hanyar ta ƙare, abinci da harsasai ta sama ake jefo musu da laima.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan mutanen da aka fi mantawa da su: 'yan dako. Kowace birged tana da ayarin sojoji da aikinsu ɗaukar kaya a ka, akasarinsu ba bindiga sai adda. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi, da na'urar oba-oba, da sassan igwa da aka kwance, da raunanan da ba su iya tafiya. Mutum ya naɗa gammo, ya aza kaya, ya hau tudu mai santsi cikin ruwan damina, matsattsaku na manne a ƙwauri, abokan gaba na iya kasancewa a bayan kowace gora. Inda alfadari ya gaza, ɗan dako ya wuce. Dalilin da ya sa rundunonin Afirka ta Yamma suka iya ratsa wuraren da sauran ba su iya ba ke nan. Zazzaɓin cizon sauro da atini kuwa sun kwantar da mutane fiye da harsashi.

Birged ta 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya, an ware ta daga runduna ta 81 aka haɗa da Chindit, dakaru na musamman na Janar Orde Wingate masu yaƙi a bayan layin abokan gaba. A 1944 aka sauke su da jirgin sama a bayan sansanonin Japan, suka tsare wani ƙaƙƙarfan sansani da ake kira White City kusa da Mawlu. Runduna ta 82 ta gangaro kwarin Kalapanzin a watan Disamban 1944, ta kama Buthidaung, sannan ita da ta 81 suka haɗu suka ƙwace Myohaung a watan Janairun 1945.

Labarin yaƙin a jaridu

Rundunar Janar William Slim, wato babbar rundunar Birtaniya a Yaƙin Bama, baki ɗaya laƙabinta "rundunar da aka manta", domin hankalin jaridun Ingila yana Turai. Wakilan jaridun da suka je Bama galibi Turawa ne, kuma sun fi zama inda ake manyan gwabzawa kamar Imphal da Kohima da ke Indiya, kusa da iyakar Bama. Kaladan ta yi nisa, sai da jirgi ko ƙafa. Saboda haka baƙar fata suka zama waɗanda aka manta a cikin waɗanda aka manta, kuma wannan rashin adalci ne da har yanzu littattafan tarihi ba su gama gyarawa ba.

A gida, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce ta riƙa kawo wa Arewa labarin yaƙin da Hausa. Mai ilmin boko guda ya karanta, jama'a su kewaye shi suna saurare. Labaran ta hannun gwamnatin mulkin mallaka suke biyowa, don haka nasara ake ji, ba a cika jin wahala ba. A 1943 Imam ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A 1944 kuma Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Bama ya gana da sojojin.

Bayan yaƙi

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa da yawa ba su dawo ba sai 1946. Kuɗin sallamarsu bai kai na Turawa masu muƙami ɗaya da su ba. Wasu suka shiga aikin ɗan doka, wasu tuƙi, wasu gadi da masinja a ofisoshin Kaduna, wasu suka koma gona. Waɗanda ba a ga gawarsu ba an sassaƙa sunayensu a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a jikin barikoki: Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya.