Tsofaffin gidajen katako na Ingila ba baƙi da fari aka gina su ba

Wanda ya ga hoton ƙauyukan Ingila zai ɗauka haka gidajen nan suke tun asali: katako baƙi ƙirin, bango fari fat. Ba haka ba ne. Wannan kala yayi ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. A lokacin ne aka riƙa shafa wa katakon kwalta ko baƙin fenti.

Magina na ƙarni na 15 da na 16 da ɗanyen itacen ok (oak), wani itace mai ƙarfi, suke aiki. Su fafe rami a jikin wani gungume, su cusa bakin wani a ciki, su buga turken itace maimakon ƙusa. Tsakanin katakon sai a saƙa tsumagu, a yaɓe da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu. Katakon kuwa barinsa ake yi rana da ruwa su mai da shi ruwan toka, ko a wanke gidan gaba ɗaya da farar ƙasa. Gidan Little Moreton Hall da ke yankin Cheshire, wanda yau kowa ya san shi da baƙi da fari, da can bangonsa ruwan ƙasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar kwalta. Tana toshe itace, danshi ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, katako ya ruɓe daga ciki. Farar ƙasa kuwa tana barin danshin ya fita. A garin Lavenham har yanzu ana shafa wa babban ɗakin taronsu na katako farar ƙasa, katakon ya yi haske kamar azurfa.