Waiwaye: Yadda jirgin ƙasa na tebur ya yi ta ƙanƙancewa har ya kai ma'aunin Z da T

Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina ya fita ta Jibiya, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,435 ce. In ka raba wannan adadi gida 220 za ka samu milimita 6.5, kuma ita ce tazarar layin ma'aunin Z, ɗaya daga cikin ƙananan ma'aunan da masu sha'awar jiragen ƙasa na tebur ke ta komawa gare su a 'yan shekarun nan. Ba jirgin robar nan da yara ke turawa da hannu ake nufi ba. Kwafin jirgi ne na gaske da aka rage komai nasa da lissafi ɗaya, yana shan wuta daga ƙarfen layi, yana gaba yana baya, yana tsayawa a tasha. Tarago mai tsawon mita 26.4 yana komawa santimita 12, mutum mai tsayin mita 1.7 kuwa bai cika milimita 8 ba.

Asalin tsarin daga Jamus yake. Kamfanin Märklin na garin Göppingen ne ya fito da ƙayyadaddun faɗin layi a baje kolin Leipzig na 1891, domin wanda ya sayi kan jirgi bana ya iya ƙara tarago da layi baɗi su kuma dace da juna. Manya ne ƙwarai. Ma'auni na 1 yana da tazarar milimita 45, na sifili da ya biyo baya yana da 32, kuma kowannensu sai an ba shi ɗaki guda. Wasan 'ya'yan masu hali ne. A 1922 kamfanin Bing ya fito da jirgin da ke zama a kan tebur, daga nan aka gangaro zuwa HO, wato kashi 1 cikin 87 a kan layi mai milimita 16.5, wanda har gobe shi ne ya fi yawa a duniya.

Tun a nan aka ga abin da zai riƙa yanke hukunci a duk tarihin: injin lantarkin da ke cikin kan jirgi. Jiragen Ingila na gaske sun fi na Jamus da Amurka ƙanƙantar jiki, sai injin wancan zamani ya ƙi shiga cikin kwafinsu a 1:87. Turawan Ingila suka ƙara girman jikin zuwa 1:76, suka bar layin a 16.5. Shi ne OO, kuma har yau layinsa ya yi wa jikinsa kaɗan. An san da haka, an haƙura. Duk wani sabon ma'auni da ya biyo baya sai da ya jira aka samu injin da zai shige shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi TT a Amurka, 1:120 a kan milimita 12, amma Jamus ta Gabas ce ta rungume shi. A 1962 kamfanin Arnold na Nuremberg ya kafa N, 1:160 a kan milimita 9. Kamfanin Kato ya fara yin N a Japan a 1965, kuma a can ne ya samu gindin zama, don gidajen birane matsattsu ne: a haɗa layi a ƙasa da yamma, a wargaza a mayar kwali kafin a yi shimfiɗa.

A baje kolin kayan wasa na Nuremberg na 1972 Märklin ya nuna Z da sunan Mini-Club. An zaɓi harafin ƙarshe ne don ana ganin ba mai iya yin abin da ya fi shi ƙanƙanta. Kan jirgin farko da ya yi suna, ɗan ƙaramin mai tururi, tsawonsa milimita 45 ne kacal. Mutane da yawa sun ɗauke shi abin ado na teburin ofis, musamman da aka riƙa sayar da shi a cikin jakar hannu da duwatsu da gidaje a ciki. Amma a 1978 aka saki wani kan jirgi na Z da tarago shida ya yi ta zagaye ba tsayawa har awa 1,219, ya ci kilomita 720, tafiyar da ta fi nisan Katsina zuwa Abuja ta hanyar Kano, aka sa shi a kundin Guinness. Duk da haka Z ya daɗe yana hannun kamfani ɗaya, da tsada, da ƙarancin zaɓi. Wanda yake son jirgin da ba na Jamus ko Suwizalan ba, sai dai ya yi ta jira.

Abin da ya sauya ba sha'awar mutane ba ce, kayan aiki ne. Kamfanonin Micro-Trains na jihar Oregon da American Z Line suka cika kasuwa da jiragen Amurka. Rokuhan na Japan ya kawo layi mai gindin roba da ke maƙalewa da juna, da layukan kwana iri-iri, da na'urar sarrafa gudu mai aiki da batir. Tsofaffin injina masu fizga in an rage gudu suka ba da wuri ga sababbi marasa ƙarfe a cikinsu, dangin ɗan injin da ke sa wayar hannu karkarwa, masu iya jan jirgi a hankali kamar yana shiga tasha. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gudun kilomita 100 a awa, a ma'aunin Z, bai kai santimita 13 a daƙiƙa ba, kuma jirgin da ba ya iya tafiya ƙasa da haka abin wasa ne kawai. Ga na'urar buga abubuwa da ruwan roba, wadda ta sa mutum na iya zana tasha ko tarago a kwamfuta ya fitar da abinsa ba sai wani kamfani ya ga dama ba. Ga kuma saye ta intanet.

Sai a 2006 kamfanin Eishindo na Japan ya nuna ma'aunin T a baje kolin kayan wasa na Tokyo, ya shiga kasuwa a shekarar da ta biyo. Kashi 1 cikin 450 ne, a kan layi mai kimanin milimita 3, da wutar bolt 4.5, wato ƙananan batura uku. Jirgin ba shi da nauyin da zai danne layi, don haka aka sa wa ƙafafunsa maganaɗisu, layin kuma aka yi shi da ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Kilomita ɗaya a T mita 2.2 ce, a Z mita 4.5, a N mita 6.25, a HO mita 11.5. Nan ne sirrin farin jinin yake. Mai ƙaramin ma'auni ba jirgi kaɗai yake nunawa ba, yana nuna ƙasar da jirgin ke ratsawa: gona, gada, gari daga nesa. Ba araha ce ke jan mutane ba. Kan jirgi na Z mai kyau bai fi na HO sauƙin kuɗi ba, sau da yawa ma ya fi shi tsada. Wuri ake saye.

Ga wanda ke zaune a Katsina ko Daura, mai ɗaki ɗaya ko ciki da falo, lissafin wurin yana da daɗin ji. Ƙaramar kwanar Märklin ta Z milimita 145 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi, saboda haka katako mai faɗin santimita 35 ya isa a juya jirgi. Gara dai a ɗauki ta 195 a kan katako mai santimita 45, don dogayen taragu suna leƙowa waje a ƙaramar kwana, maƙalarsu kuma tana kwancewa. A HO, kwana mafi ƙanƙanta ta yau da kullum 360 ce, sai an ba ta sama da santimita 80.

Amma abin da aka samu a wuri, ana biyansa da tsabta, kuma a nan ne yanayinmu ke shigowa. Kan jirgi na Z 'yan giram goma-goma ne, wurin da ƙafarsa ke taɓa layi kuwa bai kai kan allura ba, kuma ta nan wuta ke shiga. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita 0.2, a idon wannan jirgi, dutse ne na santimita 4 da ɗoriya a kan dogo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, layin da aka bari a buɗe dare ɗaya zai wayi gari da farar ƙura, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa, fitilarsa na ƙyafta ido. Mafi yawan masu farawa sai su ƙara wuta. Kuskure ne: tartsatsin da ke tashi tsakanin ƙafa da layi shi ke gasa ƙurar ta zama baƙin datti mai maƙalewa. Maganin shi ne murfi na gilashi ko farar roba tun ranar farko, sannan kafin kowane wasa a naɗe yatsa da tsumma marar gashi, a ɗiga sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi, a bi saman ƙarfen. Kada a sa takardar gurza katako. Tana barin zane a ƙarfe, zanen kuma ya zama maɓoyar datti. Ƙafafun ma haka: a shimfiɗa tsumma mai ɗan danshin sifirit a kan layi, a ɗora rabin ƙafafun a kai, sauran rabin a kan ƙarfe, a ba da wuta kaɗan su wanke kansu. Mai T yana da ƙarin aiki, don maganaɗisun ƙafafunsa na tsince duk wani garin ƙarfe da ke kan tebur, ya kai shi cikin giyoyin injin.

Yawan mai ma yana kashe jirgi fiye da rashinsa. Ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa kowace giya, na masu gyaran agogo ko wanda aka yi don wannan aiki, ba man keken ɗinki ko na inji ba. In ya yi yawa sai ya kama ƙura ya zama laka. Tsofaffin kawunan Z da suka daɗe a kwali sukan zo a ƙage saboda man cikinsu ya bushe ya daskare. Kada a matsa masa da wuta, injin zai ƙone. A buɗe, a wanke giyoyin, a sa sabo.

Wuta kuwa, yawancin jiragen Z ba sa wuce bolt 10, wasu ma 8. Na'urar sarrafa gudu ta N ko HO tana ba da 12 ko sama, kuma ita ce ke cinye injin mutane. Da yadda wutarmu ke hawa da sauka, na'ura mai batir ta fi kwanciyar hankali. In layi ya yi tsawo, kada a dogara da 'yan maƙalan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe su kai wuta ko'ina. A jawo siririyar waya daga ƙarƙashin katako a like ta da dalma a gefen waje na ƙarfen, kusan kowace santimita 60 zuwa 90, da kowane ɓangare na wurin sauya layi, don a nan ne gajeren kan jirgi ya fi mutuwa.

Sai zafi da danshi. Ƙarfen layi mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 0.3 in zafi ya hau da digiri 20, abin da ɗaki mai rufin kwano ke yi tsakanin asubar Janairu da azahar ɗin Afrilu ba tare da wahala ba. Katakon ma yana tsukewa da hunturu ya kumbura da damina, kuma motsinsa kan fi na ƙarfen. In an manne layi ƙam ba sarari, wata rana za a tarar ya lanƙwashe gefe. A shafe katakon da fenti ko banish ciki da baya har da gefuna kafin a ɗora komai, a bar tsagi kamar kaurin takarda biyu ko uku a wasu mahaɗai. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Don layi ya haye wani layin ana buƙatar kusan santimita 3, ke nan sai an tanadi mita ɗaya da rabi ta hawa, wata ɗaya da rabi ta sauka. Masu ƙaramin katako su haƙura da gadar sama.

Ba wani kamfani da zai ƙera mana Ƙofar Soro ko rijiyar Kusugu, wannan aikin hannu ne, kuma ƙaramin ma'auni na sauƙaƙa shi. Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin mita 15, santimita 7 ce a Z. Kwali mai kauri da aka shafe da jar ƙasa tankaɗaɗɗiya a kwaɓe da farin gam na kafintoci yana ba da ginin ƙasa fiye da duk abin da za a saya. A dai tankaɗe ta sosai, a kuma bi ta da maganaɗisu kafin ta kusanci layi. Ɗaliban zanen gine-gine da suka saba aiki da 1:200 suna iya ɗora gidajensu kusa da layin Z ido bai gane bambanci ba.

Akwai wani lissafi da ya shafe mu kai tsaye. Tsohon layin reluwe da ya iso Kano a 1911, da reshensa da ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, tazararsa milimita 1,067 ce. Raba ta gida 160, za ka samu 6.7, kusan layin Z daidai. Wato mai son kwafin tashar Funtuwa da taragun auduga da gyaɗa sai ya gina jikin jirgi da gidaje da mutane a ma'aunin N, ya ɗora su a kan ƙafafu da layin Z. In ya fi son abin da hannu zai kama da sauƙi, ya raba gida 120: 8.9 ke nan, jikin TT a kan layin N, dabarar da masu wannan sha'awa a New Zealand suka daɗe suna bi, don layinsu faɗinsa ɗaya da namu na da. Sabon layin Daura da Katsina kuwa ba ya buƙatar wannan haɗe-haɗe, Z ko N kai tsaye ya wadatar. Shawararmu ga mai farawa a nan ita ce N, don nauyinsa ya fi jure ƙura kuma kayansa sun fi samuwa. Z sai in wuri ne ya matsa, kuma an riga an yi murfin. T kuwa a bar shi sai hannu ya saba da hantsaki da gilashin ƙara girma.