Bishiyoyin Legas da Ajiyar Kabon

Ajiyar kabon na nufin yadda bishiya ke zuƙar iskar kabon-dayoksaid ta ganyenta, ta sarrafa ta da ruwa da hasken rana, ta mayar da ita itace, sannan ta saki iskar oksijin. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowane tan ɗaya na kabon daidai yake da tan 3.67 na iskar. Wannan iska ce kan gaba wajen ɗumamar duniya: kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan a sararin samaniya, yanzu ta haura 420. Ajiyar kuwa aro ce. Ranar da aka ƙone itacen ko ya ruɓe, kabon ya koma inda ya fito.

Tarihi

Ikko, kamar yadda Hausawa ke kiran Legas, a cikin kurmi da fadama ta tashi, kuma sunayen unguwanni ba su manta ba. Idi Araba, inda Hausawa suka daɗe da zama, a Yarbanci "gindin rimi" ke nan. Agege kuwa gonakin goro ne suka jawo fatake daga Arewa, wajen farkon ƙarni na 20, har zango ya kafu. Wasu na cewa sunan ma daga masu saran itace ya samo asali, wasu na musun haka. Yau bulo da kwalta sun cinye gonakin.

Cinikin katako ma tsoho ne. A da, shekara da shekaru, duk wanda ya bi gadar Third Mainland yakan hango gungume a ɗaure suna yawo kan ruwa a Okobaba, Ebute Metta, hayaƙin dusar katako na tashi a gefe.

Dajin bakin ruwa

Ɗaya daga cikin manyan rumbunan kabon na jihar shi ne mangurob, bishiyar ruwan gishiri mai saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo. Yawancin ajiyarta ba a jikinta take ba, tana cikin laka: ganye da saiwa kan nutse inda babu iska, su ƙi ruɓewa har ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa hekta ɗaya tata kan fi ta dajin tudu ajiya ninkin ba ninkin. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka wannan daji, mafi yawansa a Neja Delta. Na Legas cikon yashi domin gine-gine ne ke cinye shi, musamman a yankin Lekki. Idan aka tone lakar, sai tsohuwar ajiya ta watse, ga kuma rashin shingen ambaliya, a birnin da ya sha ruwa a Yulin 2011.

Kariya da dashe

Cibiyar kare daji ta Lekki, mai hekta 78, ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ce ta kafa ta a 1990. A 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar ta fara gangamin dashen itatuwa, aka kuma ware 14 ga Yuli na kowace shekara domin bikinsa, daga baya aka kafa hukumar LASPARK mai kula da lambuna da wuraren shaƙatawa. Adadin da aka dasa da wanda ya rayu, magana ce da ake taƙaddama a kai.

Gawayin da masu suya da masu abinci ke hurawa, akasari daga dazukan wasu jihohi ake kawo shi.