Jojiya (jihar Amurka)

Jojiya jiha ce a kudu maso gabashin Amurka, kuma ba ita ce ƙasar Jojiya da ke makwabtaka da Rasha ba. Tana iyaka da Florida daga kudu, Alabama daga yamma, Tennessee da Karolina ta Arewa daga arewa, sai Karolina ta Kudu da Tekun Atalantika daga gabas. Babban birninta Atlanta. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 10.7, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata ne. Gundumominta 159, Texas kaɗai ta fi ta yawa.

Tarihi

A 1733 James Oglethorpe ya sauka da ayarin Turawan Ingila a inda garin Savannah yake yanzu, aka raɗa wa yankin sunan Sarki George na Biyu. Ita ce auta cikin yankuna 13 da Ingila ta kafa a gaɓar Tekun Atalantika. Da farko an haramta bauta a cikinta, amma manoma suka matsa lamba har aka ɗage haramcin a 1751. Daga nan aka yi ta kawo bayi daga Afirka ta Yamma don noman shinkafa a fadamun bakin teku. Cikinsu akwai Bilali Muhammad, malami daga Timbo ta Futa Jalon, wanda aka bautar a tsibirin Sapelo. Ya bar rubutun hannu na Larabci mai shafi 13 kan alwala da salla, yana nan a ajiye a Jami'ar Jojiya. Abin tausayi ne a ce mai ilmi irin wannan ya ƙare rayuwarsa a gandun wani.

A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga kusa da Savannah. Aikin da mutum yake wuni yana yi da hannu sai ya koma na ɗan lokaci, gonakin auduga suka faɗaɗa, buƙatar bayi ta ninka, kwaɗayin ƙasa ya ƙaru. Da aka gano zinariya a Dahlonega, sai aka juya kan ƙabilar Cherokee, 'yan asalin yankin, aka kore su yamma a 1838, dubbai suka mutu a hanya. Jojiya ta ɓalle daga tarayya a Janairun 1861. A yaƙin basasar da ya biyo baya, a 1864 Janar Sherman na sojojin tarayya ya ƙone Atlanta, ya ratsa jihar har teku. Sai 1870 aka mayar da ita tarayya, ita ce ta ƙarshe cikin jihohin da suka ɓalle. Dokokin wariyar launin fata suka biyo baya, kuma a ƙarƙashinsu aka haifi Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Atlanta a 1929.

Alamomi

Taken jihar shi ne hikima, adalci da matsakaici. Ana yi mata laƙabi da jihar fic, wani ɗan itace mai zaƙi da ƙwallo ɗaya a ciki, ko da yake Kalifoniya da Karolina ta Kudu sun fi ta noma shi. Albasar Vidalia, wadda ba ta da yaji sosai, ita ce kayan lambun jihar a hukumance. Tuta kuwa ta jawo taƙaddama: a 1956 an saka mata tambarin yaƙin 'yan awaren da suka ɓalle daga tarayya, baƙaƙen fata suka daɗe suna ƙorafi, aka sauya ta a 2001, aka sake sauyawa a 2003.

Tattalin arziki

Tun wajen 1915 wani ƙwaro ya addabi auduga, manoma da yawa suka koma gyaɗa. Yau kusan rabin gyaɗar Amurka daga Jojiya take fitowa, abin da zai tuna wa mutumin Kano zamanin dalar gyaɗa. Kiwon kaji ya fi kowane amfanin gona kawo kuɗi. Garin Dalton ya shahara da saƙa darduma, tashar jiragen ruwa ta Savannah na cikin manyan na ƙasar, filin jirgin saman Atlanta kuma ya daɗe yana kan gaba a duniya wajen yawan fasinja. A Atlanta aka fara haɗa Coca-Cola a 1886, nan ne kuma CNN ta fara aiki a 1980.

Alaƙa da Najeriya

Jimmy Carter manomin gyaɗa ne daga ƙauyen Plains kafin ya zama gwamna, sannan shugaban ƙasa. Ya ziyarci Legas a 1978. Cibiyar da ya kafa a Atlanta ta shiga yaƙi da kurkunu a 1986, tana rarraba matatan ruwa ƙauye-ƙauye, har aka tabbatar da kawar da cutar daga Najeriya a 2013. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Chioma Ajunwa ta ci zinariya a dogon tsalle, 'yan ƙwallon Najeriya kuma suka doke Brazil 4 da 3, suka doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe. Duka wasannin biyu a garin Athens na Jojiya aka buga su.